Malam, Masanan Ba Su Gama Magana Ba

 Na karanta makalarka a kan sabuwar manhajar makarantu, wadda ta zaga hannun malamai a Ƙauran Namoda har ta iso gare ni, na ga ya kamata in tanka tun maganar ba ta zauna a zukatan mutane kamar fatawa ba. Ba zan kama sunanka ba, domin da hujjarka nake ja. Ka san kanka, malaman da suka karanta ma sun san ka.

Ga abin da na fahimta. Ka ce masana halayyar ɗan Adam sun gama magana: yaro ba ya koyo ta hanyar zama gaban malami yana saurare yana maimaitawa, kamata ya yi a bar shi ya binciko ilimi da kansa, malami ya koma gefe yana nuni. Ka ce hadda da bita gadon makarantar allo ne, su ne suka daskarar da ƙwaƙwalen 'ya'yanmu. Ka yaba wa gwamnatin tarayya da ta soke koyarwa da harshen uwa, wai ƙaramin yaro yana kwasar harshe ba tare da wahala ba, don haka a tsunduma shi cikin Turanci tun ranar farko. Ka jero su Piaget da Bruner, ka rufe da cewa wanda duk ya ja da wannan, da kimiyya yake ja. To ga ni na zo ja, kuma daga ɗakin karatun da ka ɗebo hujjarka zan ɗebo tawa.

Akwai inda muka haɗu. Da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja a ƙarshen Agustan 2025, ta rage darussa: aji 1 zuwa 3 na firamare darasi 9 zuwa 10, ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, babbar sakandare 8 zuwa 9. An dawo da Tarihi. Wanda ya taɓa ganin jakar ɗan firamare ta rinjayi kafaɗarsa dole ya ce madalla, ni ma na ce. Sai dai darasi 9 ga ɗan shekara 6 da bai san baƙi ko ɗaya ba har yanzu kaya ne.

Gaskiyarka kuma, Piaget da Bruner sun karkata ga barin yaro ya gano abu da kansa. Ban ce ka yi musu ƙarya ba. Laifinka biyu ne: ka tsayar da karatunka a wajajen 1960, kuma ba ka tambayi wane yaro aka gwada ba.

Jean Piaget mutumin Suwizalan ne, ya rasu a 1980. Da nazarin dodon koɗi ya fara kafin ya koma lura da yara. Abin da ya rubuta a kan jarirai, a kan 'ya'yan cikinsa uku ya gina shi, sauran kuwa galibi yaran birnin Janiba ne, masu ci su ƙoshi, su kwana a gadonsu har gari ya waye. Ya yi aiki babba, ya nuna cewa tunanin yaro yana da matakansa. Amma da aka maimaita gwaje-gwajensa a Afirka da wasu wurare, sai aka tarar shekarun da ya yanka wa matakan suna yin gaba suna yin baya, gwargwadon rayuwar da yaro ya tashi a ciki. A 2010 ma Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka tona wa fannin nasu asiri: kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Idan aka ce maka “masana sun gano cewa yaro”, sai ka tambaya, yaron wa?

Shi kuwa Jerome Bruner, ai mun taɓa ɗanɗana miyarsa a ƙasar nan. Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957, Amurka ta firgita cewa an bar ta a baya, aka tara masana a 1959 a wani gari da ake kira Woods Hole, Bruner ne shugaban taron, ya fitar da littafinsa a 1960. A cikin wannan guguwa abin da aka kira sabon lissafi ya samu ƙarfi. Daga 1962 aka riƙa taruwa a Entebbe ta Yuganda ana rubuta wa Afirka nata littattafan, a farkon shekarun 1970 ya shigo makarantun Najeriya. Waɗanda suka yi firamare a lokacin za su tuna: yaro yana zana da'irori yana tara abubuwa rukuni-rukuni, amma a ce masa bakwai sau takwas sai ya yi zuru. Malaman ba su gane shi ba, iyaye ba su iya taimakawa a gida ba. A 1977 gwamnatin soja, ta bakin kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, ta soke shi. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan tafiya a ƙarshen shekarun 1990 da manhajar da ta rage koyarwa kai tsaye ta bar yara da ayyukan rukuni, a 2010 ta janye. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a makalarka ba.

Bayan su Bruner masanan sun ci gaba da aiki, kuma abin da suka gano bai yi maka daɗi ba. John Sweller na Ostireliya, tun daga shekarun 1980, ya nuna cewa wurin da hankali yake riƙe sabon abu yana jujjuya shi ƙarami ne ƙwarai, abu kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, alhali ma'ajiyar abin da mutum ya riga ya sani ba ta cika. Idan ka jefa sabon shiga cikin matsala ka ce ya lalubo hanya, lalube ne zai cinye ɗan wurin nan, ya tashi bai ajiye komai ba. A 2006 shi da Paul Kirschner da Richard Clark suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce mai farawa ya fi koyo idan aka yi masa bayani ƙarara, aka warware misali a gabansa, aka sa shi ya yi tare da malami, sannan aka sake shi. Binciko abu da kai yana da ranarsa, amma ga wanda ya riga ya tara ilimi a fannin. Ba uban da zai kai ɗansa wurin tela a kasuwar Ƙaura, telan ya miƙa masa almakashi da shadda ya ce ya gano yanka da kansa. Da maɓalli ake farawa, a yi ta kallon hannun maigida, a yi shekara kafin a taɓa yadin mutane. Karatu ma ya fi ɗinki bukatar haka, domin baƙaƙe yarjejeniya ce ta mutane. Ba yaron da zai zauna ya gano da hankalinsa cewa wannan zane mai lanƙwasa a ka shi ne ƙ. Sai an gaya masa.

Na ga kuma ka kawo zancen nan da ake yawan yi a bitar malamai, wai kowane yaro da salon koyonsa, wani da ido, wani da kunne, wani da hannu. A 2008 Harold Pashler da abokansa suka bi binciken da aka yi a kai, ba su sami hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba cewa raba yara a kan haka yana ƙara musu koyo. A bar wannan.

Yanzu hadda, wadda ka ɗora wa laifin duniya. Malam, ka je kowace makarantar allo a Moriki ko Kurya da sassafe ka zauna a gefe ka yi kallo da idon masani. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya kawo karatun da ka, malam ya saurara ya tabbatar. Ba a yi masa ƙari sai na jiya ya zauna. A zaure ɗaya wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na jikin bango ya haura izu goma, kowa da inda yake, ba wanda ake ja don wani ko ake tsayarwa don wani. Gardi yana biya wa kolo. Akwai kuma lokacin tilawa, a koma baya a bi abin da aka wuce don kada ya zube. Ka riƙe wannan hoto ka buɗe littattafanka. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna mantuwa tun 1885, ya nuna cewa sabon abu yana zubewa da sauri a kwanakin farko, bita a rarrabe ce take riƙe shi. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a 2006 suka nuna cewa wanda aka sa ya kawo karatu da ka ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta sake dubawa. Benjamin Bloom a 1968 ya ce kada a wuce da ɗalibi gaba sai ya ƙware a matakin da yake. Lev Vygotsky na Rasha, da ya rasu a 1934, ya ce yaro yana hawa ne da taimakon wanda ya ɗan fi shi. Duk waɗannan masana halayyar ɗan Adam ne, kuma alaramman da bai taɓa jin sunansu ba yana aiki da abin da suka gano kowace safiya.

Ba ina wanke makarantar allo tas ba ne. Bulala aibi ce, bara aibi ce, kuma wanda ya tsaya a hadda bai ƙarasa ga ma'ana ba ya yi rabin tafiya. Malamanmu ma ba su ce a tsaya nan ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi kashedi cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Ya ce a ba ɗalibi ilimi kaɗan-kaɗan, a bi fanni sau uku ana ƙara zurfi, kada a cakuɗa masa fanni biyu a lokaci guda. Mutum ya karanta wannan ya dubi darussa 9 na ɗan aji ɗaya. Idan ’ya’yanmu sun daskare, a nemi dalili a bulala da tsoro da maimaita abin da ba a fahimta ba. Kai kuwa ka bar jaki kana dukan taiki.

Wannan ya kawo mu ga harshe, inda na fi jin zafin makalarka. Na taɓa shiga wani aji 4 a wata firamare a ƙasar Zurmi. Allo cike da bayanin sassan tsiro da Turanci, yara sun sunkuya suna kwafa. Malamin, bawan Allah mai ƙoƙari, ya juyo ya tambaya da Turanci ko sun gane, ajin ya amsa da murya ɗaya, “Yas sa!” Na ɗauki littafin wani yaro a layin gaba, rubutunsa tsaf, ba kure ba gogewa. Na ce ya karanta mini layin farko. Ya dubi layin, ya dube ni. Na karɓi fensirinsa na rubuta masa “Audu ya tafi kasuwa”. Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko ya ce, “E, yu, di, yu.” Ya san sunayen baƙaƙen da Turanci, ya rera su tun yana aji ɗaya, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa sauti suke ɗauke da shi, idan an haɗa su magana ce take fita. Shekara huɗu yana zane, ana ce masa rubutu yake yi. Kuma ba shi kaɗai ba ne: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a faɗin Najeriya, yara masu shekara 7 zuwa 14 kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai suke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta.

Ka ce ƙaramin yaro yana kwasar harshe. Haka ne, idan harshen ya kewaye shi: a gida, a wurin wasa, a bakin uwa da maƙwabta. Yaron Badarawa ko Dauran ina zai ji Turanci? A bakin mutum ɗaya, na 'yan sa'o'i, kuma sau da yawa mutumin shi ma lallaɓa harshen yake yi. Jim Cummins, wanda ya yi aikinsa a Kanada, ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Ya ce 'ya'yan baƙi suna kama na hira cikin kamar shekara 2, na karatu kuwa yana cin shekara 5 zuwa 7, kuma wannan a ƙasar da Turanci yake a titi da kanti da talabijin. Ya kuma nuna cewa iya karatu sau ɗaya ake koyonsa: wanda ya iya da harshensa, yana ƙetarawa da shi zuwa harshe na biyu. Hausa kuwa ta yi mana gata, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci baƙi ɗaya yana iya yin sauti uku ko huɗu. Me zai sa a fara wa yaro da mai wuya, cikin harshen da ba ya ji?

Ba ma sai mun je Kanada ba. Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya gwada abin a Ile-Ife daga 1970: aka koyar da wasu yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, aka kwatanta su da waɗanda aka juya zuwa Turanci tun da wuri. Na Yarbancin ba su gaza ba ko a Turancin, a sauran darussa kuma suka yi gaba. Maƙwabtanmu na Nijar, da Zurmi take iyaka da su, sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. A nan gida kuma, daga 2015, shirin RANA na UNICEF ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare a Katsina da Zamfara, Sakkwato da Bauchi kuma suka yi Mu Karanta. An rubuta littattafan, an horar da malamai, wasu daga cikinsu suna nan cikinmu. Kai, ko makarantun ilimi na zaure ai haka suke tun kaka da kakanni: a karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala da Larabci, malam ya fassara gaɓa-gaɓa da Hausa, da haka aka fitar da mutanen da suka rubuta littattafai da Larabcin.

Hujjar da Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya bayar a Nuwamban 2025, wadda ka maimaita, ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne suke faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. A yi lissafi mana. A ƙarshen 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, aka amince da manufar koyarwa da harshen uwa har shekara shida. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 bai ko gama firamare ba, balle ya zauna WAEC. In kuwa tsohon tanadin 1977 ake nufi, na fara firamare da harshen uwa, to yaushe aka aiwatar da shi? Abin da ke faruwa a azuzuwanmu shi ne wanda na gani a Zurmi: littafi da Turanci, allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, malami yana ɗan yayyafa Hausa don kada ajin ya yi barci. Ba a koyar da Hausa ba, ba a koyar da Turanci ba. Ba za a ce magani bai yi aiki ba alhali yana cikin kwalinsa.

Ranar Alhamis ka shiga kasuwar Shinkafi ka tsaya gaban yarinya mai tallan gyaɗa. Ƙulli 7, kowanne naira 150, ka miƙa mata 2,000. Kafin ka mayar da hannu aljihu ta ce canjinka 950, idanunta ma suna kan wani mai saye. Ran Litinin a rubuta mata wannan lissafi a allo, a jere, da umarni cikin Turanci, sai ta kasa, a rubuta mata sifiri. Masana sun san wannan. Terezinha Nunes da abokan aikinta sun gan shi ga yara masu talla a Recife ta Barazil a 1985. Tun a shekarun 1960 John Gay da Michael Cole suka je Laberiya neman dalilin da ya sa 'ya'yan Kpelle suke kasa sabon lissafin nan na Entebbe, sai suka tarar manoman Kpelle sun fi Amurkawa 'yan boko iya kintatar yawan shinkafar da ke cikin kwano. A 2025 kuma su Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka fitar da bincike a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya: gwanaye a lissafin ciniki, raunana a na takarda, 'yan makarantar da ba sa ciniki kuwa akasin haka. Darasin shi ne ilimin kasuwa ba ya ƙetarawa aji da kansa, na aji ma ba ya zuwa kasuwa da kansa. Sai malami ya tsaya ya haɗa su, ya fara daga ƙullin gyaɗar, da harshen da yarinyar take ƙirga kuɗinta da shi. Malamin da ya koma gefe yana nuni da Turanci ba zai yi wannan aiki ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wanda makalarka ba ta ko waiwaya ba. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Waɗannan yaran su ne 'yan aji ɗaya na shekarun nan da muke ciki. Ba masanin da yake musun cewa yunwar ƙuruciya tana taɓa ƙwaƙwalwa, ko cewa yaron da ya kwana yana jin harbi hankalinsa yana bakin ƙofa, ɗan wurin nan da Sweller ya ce ƙarami ne tsoro ya riga ya cika shi. A Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki suka tafi da mutane. A Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan matan Jangebe, 279 suka dawo. Ranar 1 ga Satumban 2021 aka kwashi ɗaliban Kaya a ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Wasu makarantun sun fi shekara a rufe. Har yau akwai ƙauyukan da malami ba ya iya kwana, akwai azuzuwan da suka zama masaukin 'yan gudun hijira.

Manhajar da aka rubuta a Abuja kuwa tana ɗauka cewa zango uku za a yi cur, mako na bin mako, darasin yau yana hawa kan na jiya. Yaron da ya gudo daga ƙauye zuwa Ƙaura yana da shekara 10, sai a dubi tsayinsa a ajiye shi aji 4, a ci gaba daga inda tsarin mako ya tsaya. Ibn Khaldun ɗin nan ya gargaɗi malamai da kada su bar tazara mai tsawo tsakanin darussa, domin mantuwa take haifarwa. Mu ba mu muka zaɓi tazarar ba, an ɗora mana ita. Gyaran manhajar da bai yi tanadin ta ba, ba da mu ake yinsa ba.

Da ni za a tambaya, a aji 1 zuwa 3 a ba karatu da rubutu da Hausa da lissafi mafi yawan safiya, kowace rana, malami yana koyarwa kai tsaye, sauti bayan sauti, ana bita ana kawowa da ka. Sauran darussan su shigo ta cikin labaran da yaran za su karanta: tarihin Namoda da faɗuwar Alƙalawa a 1808, zuwan jirgin ƙasa Ƙaura a 1929, tsabta, addini, noman damina. Turanci ya fara tun aji ɗaya a matsayin darasi, da baki, a riƙa ƙara masa wuri har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Ba wanda yake gaba da Turanci, dukanmu muna so 'ya'yanmu su shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura su wuce har jami'a. A farkon kowane zango, da duk lokacin da aka dawo daga rufewa, a gwada kowane yaro na minti biyar, a raba su gwargwadon inda karatunsu yake, ko da na sa'a ɗaya ne a rana. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan hanya, an gwada ta a Barno da Kano, alarammomi kuwa ba su taɓa barin ta ba. Kowane yaro kuma ya mallaki ɗan littafinsa na Hausa da zai tafi da shi gida, in gudu ya kama ya sa shi cikin riga. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato ba, jajinta, mata masu koyarwa, ta tura musu da karatun.

Sana'o'i shida da aka sa a sabuwar manhaja, su haɗa sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo da noman lambu da kwalliya, ba ni da ja a kansu. In dai tuna maka kawai da injinan koyon sana'a da aka shigo da su a shekarun 1980 don tsarin 6-3-3-4, waɗanda da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda ba wuta ba mai koyarwa. Mai gyaran waya ma sai ya iya karatu.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai mallaka wa Abuja ita kaɗai ilimin firamare ba, jiha tana da hannu, ƙaramar hukuma tana da hannu. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, an gyara gine-gine, mun gani. Saura abin da ake yi a cikinsu. Ina roƙon hukumar SUBEB a Gusau da sakatarorin ilimi na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su kakkaɓe littattafan RANA su mayar da su aji, Kwalejin Ilimi ta Maru ta koya wa ɗalibanta yadda ake koyar da karatu da Hausa, masarautunmu kuma su sa baki.

Kai kuma Malam, ga gayyata. Ka zaɓi firamaren da kake so a cikin ƙananan hukumomin nan uku, ka zaɓi ranar. Mu shiga aji 4 da layi biyar na Hausa da layi biyar na Turanci, mu kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kai ka riƙe alƙalami ka yi ƙirgar. Abin da ka samu ka rubuta shi a makalarka ta gaba, ni kuma in Allah ya yarda zan karanta.